Bindigar da Na Saya da Kuɗin Hatsi

A Wagadugu aka fara cutata, ban ma kai inda za ni ba. Wani mai fararen kaya ya tare ni a bakin tashar jirgin ƙasa, ya ji ina Hausa, ya ce shi ma kakarsa 'yar Damagaram ce. Ya karɓi kuɗina ya shiga ta wata ƙofa, ya dawo da tikiti mai hatimi har biyu. Sai da muka wuce Bobo mai duba tikiti ya juya takardar ya ce ta bara ce. Aka sauke ni a wata 'yar tasha da har yau ban san sunanta ba. Kwana tara na yi ina dakon doya kafin na sake haɗa kuɗin jirgi. Tun daga nan, duk wanda ya ce mini kakarsa 'yar Damagaram ce sai in dafe aljihu.

Sunana Ilu, mutumin Gidimuni. Ubana, Allah ya ji ƙansa, manomin gero ne da damina, maharbin tsuntsun tafki ne da rani. Bindigarsa irin ta da ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a tura tsumma, a danna da sanda. Harbi ɗaya gare ta. In ka kuskure, kafin ka sake ɗurawa kirinjijiya ta kai Mirya. Don haka ya koya mini kada in taɓa kunama sai na tabbata. Abu na biyu, duk jajibirin babbar farauta sai ya zauna a tabarma ya shafe bindigar da man gyaɗa ciki da waje, kuma ba man kasuwa ba, wanda Inna ta matsa da hannunta. Cewa yake ƙarfe ma yana so a ciyar da shi.

Shekara biyu a jere ruwa ya ƙi. Tafki ya ja baya har muna takawa a inda da ruwa ke shanye mutum, tsuntsu ya daina sauka, gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. A gida na bar Inna, da yayana Mamman, da matata Zuwaira, da 'yata Nana mai shekara uku. Abin da Inna ta cusa mini a buhu wata 'yar kwalba ce ta man gyaɗa, daga ƙarshen gyaɗar da ta rage a gidan. Ta ce in riƙa shafa wa fasona. Ban taɓa buɗe ta ba, tausayinta nake ji.

A Abijan na fara da dakon buhunan koko a tashar jiragen ruwa. Mu goma sha ɗaya muke kwana a ɗaki guda a Tireshibil. Abin da ya fi ba ni haushi a garin nan ruwan sama ne. Ya wuni yana zuba a kan kwalta da kwano, inda ba wanda ya shuka ko ƙwaya ɗaya. Wallahi na sha zaginsa a zuciyata, in dawo in yi istigfari.

Wata na uku wani Bazabarme ya kai ni wani filin harbi a bayan gari, ta hanyar Basam, inda ake neman ma'aikaci. Na zata namun daji ake harbi. Ashe faifan laka ne. Akwai dogon rami a gaban masu harbi, da injina a ciki. Aikina in zauna a ramin in riƙa ɗora faifai a kan inji. Mai harbi ya yi kira, inji ya cilla faifan sama, shi kuma ya fasa shi kafin ya faɗi. Harbi biyu aka yarda masa a kowane faifai. Nasaru ne da 'yan Labanan da manyan garin, kowa da hular rana da kwalbar lemo. Albarushin da suke ƙonawa a wuni ɗaya ya ishi ubana shekara biyar, kuma ba mai komawa gida da ko fiffike.

Wata rana wani ƙaton Banasare ya kuskure faifai shida a jere. Da na fito daga rami ina kaɗe riga na ce a Hausa, "Wannan ko rumbu aka cilla masa ba ya samu."

Sai na ji daga bayana an ce, "Kai, ɗan wane gari ne mai bakin nan?"

Wani dattijo ne baƙi, dogo, yana ɗingishi. Sarzan Kiyari, Babarbare daga Birnin Zinder, tsohon soja, shi ke riƙe da makullin ɗakin bindigogi kuma shi ke gyara su. Na dafe aljihu tukuna, sannan na gaishe shi, na ce ɗan Gidimuni ne. Da ya tambaye ni ko dabinon bakin tafkinmu yana nan, hawaye suka zo mini ban shirya ba.

Da yammacin ranar, bayan baƙi sun watse, ya miƙo mini bindigar kulob da harsashi goma. "Bon, mai baki. Ga faifai biyar. Mu ga rumbun naka."

Na fasa biyar ɗin, na mayar masa da harsashi biyar. Ya dube su a tafin hannunsa, ya dube ni.

Daga nan kowace Litinin, ranar da ba baƙi, sai ya ba ni faifai ashirin da biyar. Shi ya gaya mini zancen babbar gasar da ake yi sau ɗaya a shekara. Kowa na iya shiga, har ma'aikaci, in dai da bindigarsa ta kansa, don ranar ba a ba da ta kulob. Na ɗaya zuwa na uku ke samun kyauta. Na huɗu tafi kawai ake yi masa.

Ana saura mako biyar gasar takarda ta zo daga Yaya Mamman, ta hannun Malam Sani, direban kamiyo, babbar motar goro da ke zuwa Damagaram kamar duk kwana arba'in. Ya ce rumbu ya ƙare tun tuni, an ci iri, yanzu 'ya'yan anza na daji suke jiƙawa kwana uku don ɗacinta ya fita. Ya ce Nana ta rame. Ya ce in turo abin da ya samu, ko yaya yake.

Abin da na tara a wata bakwai, a tsadar hatsi ta lokacin, buhu biyu zai saya. Gidanmu da na Yaya da gwaggonninmu, buhu biyu ba zai kai su ko rabin hanyar damina ba. Kyautar na uku kuwa ta ninka wannan. Kwana biyu ina juya abin a raina.

Na sami Sarzan yana wanke wani ƙarfe a kwanon kananzir. Na ce, "Baba Sarzan, zan sayi bindiga."

Bai ɗago ba. "Da kuɗin wa?"

"Da nawa."

"Naka ne, ko na tsohuwarka?"

Ya ajiye ƙarfen ya ɗago.

"Ilu, hannunka na da kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Amma mutum talatin za su tsaya a layin nan, kowa da bindigar da ta fi gonarku tsada. In ka zo na huɗu, me za ka rubuta wa yayanka?"

Na ce, "In na tura buhu biyu, bayan wata guda me zan rubuta masa?"

Ranar da kamiyo zai tashi na je unguwar Ajame na sami Malam Sani. Ya buɗe jakarsa yana jiran in saka saƙo. Na ce ya gaya musu su yi haƙuri, tafiya mai zuwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ka san yadda na baro garin nan kuwa?" Na ce na sani. Ya ja zip ɗin jakarsa ya rufe.

Ƙarshe dai Sarzan ya yarda ya raka ni. Sayen bindigar mako guda ya ci mana. Manyan 'yan gasa mai baki biyu suke riƙewa, ɗaya bisa ɗaya. Wannan ko ƙotarta kuɗina ba su saya. Sarzan ya ce abin da ya dace da aljihuna ita ce mai baki ɗaya mai ɗura kanta: ka harba, hayaƙin albarushi ya tura wani fiston a ƙarƙashin bututu, ta tofar da kwanso, ta ɗauki harsashi na biyu. Ya ce ba ta naushin kafaɗa sosai, amma in ta tashi cin amana a harbi na biyu take yi. Takardar izini kuwa da sunansa za a yi, bindigar ta zauna a ɗakin kulob.

Sabuwa muka fara gani a wani kanti a Filato. Da mai kantin ya faɗi kuɗinta dariya ta kama ni, na ce masa da matar aure take zuwa? Sarzan ya ja ni waje.

Ta biyu wani dillali ne ya kawo, Garba, Bahaushe, yana ta kirana ɗan'uwa. Bindiga ce kyakkyawa, an zana agwagi a jikinta, ƙota na sheƙi. Raina ya biya ƙwarai. Sarzan ya kwance katakon gaba, ya zare bututun ya leƙa shi a hasken rana, ya shafa zoben fiston da ɗan yatsa. Ya ce a kawo kwali ɗaya na harsashi mafi rauni.

Garba ya ce, "Haba Sarzan, ga kartush mai ƙarfi na kawo, kyauta."

"Mai ƙarfi ko gawa ya tura. Mu da mai rauni muke gwaji."

A harbi na huɗu kwanso ya maƙale a bakin ɗakin harsashi, rabi ciki rabi waje. A na bakwai ya sake. Garba ya rantse ba ta taɓa yi ba, ya rage kuɗi, ya kuma ragewa, ya ja ni gefe ya ce tsohon nan kamisho yake nema a wani wuri. Da ni kaɗai ne da na saya, agwagin nan sun tafi da hankalina.

Ta uku ta wani tsoho ɗan Labanan ce mai sayar da yadi, wanda idonsa ya fara mutuwa. Mummuna ce. Baƙin jikinta ya koɗe, ƙotar ta tsage an ɗaure da waya. Sarzan ya ce in rufe ido in ɗaga ta zuwa kafaɗa, sannan in buɗe. Na buɗe na ga idona zaune daidai bisa bayan bututu, kamar da ni aka auna ta. Muka ba ta kwali biyu na mai rauni, ta cinye tas ba ta yi ko tari ba. Kuɗina ba su kai abin da tsohon ya ce ba. Ya tambayi Sarzan daga ina nake, da ya ji, sai ya karɓi abin da ke hannuna, ya ɗora mini kwali huɗu na harsashi a kai.

Mako huɗu na yi ina koyon harbi na biyu. Hannuna ya saba sauke bindiga da zarar ta yi ƙara. Sarzan yana bayana da sanda yana cewa, "Bi shi! Akwai wani a ciki!" A hankali na saba, har na fara ceto faifai uku ko huɗu da shi a kowane zagaye. Ya ce waɗannan ukun su ne tsakanin na uku da na goma.

Jajibirin gasa, bayan la'asar, ya kwance ta gaba ɗaya ya wanke da kananzir, ya goge, ya ɗiga ɗigo biyu na wani mai kamar ruwa a bayanta, ya ɗaura. Ya ba ni makulli ya ce in rufe ɗakin, shi zai je likita a duba gwiwarsa. Na zauna ina kallon bindigar. Na buɗe katakon gaba na taɓa fiston ɗin, na ji shi a bushe ƙayau. Gobe rayuwar gidanmu na kanta, a bar ta haka da yunwa? Na ce tsufa ne ya sa Baba Sarzan ya manta. Na ɗauko kwalbar Inna, na yi bisimilla, na buɗe ta karo na farko. Na shafe fiston, na shafe zobe, na ɗura a 'yan ramukan da hayaƙi ke bi, na bi duk inda yatsana ya kai. Rabin kwalba na ba ta. Na rufe ɗakin raina fes, ina jin na yi abin da ubana zai yi.

Da safe aka ce in ni zan yi harbi, to wa zai zauna a ramina? Mai kulob ya ce in ba a samu ba, in koma aikina. Sarzan ya ajiye sandarsa, ya sauka ramin da gwiwar nan tasa.

Zagaye uku ne, faifai ashirin da biyar kowane. Na farko na fasa ashirin da uku. Masu dariyar wayar da ke ƙotata suka yi shiru. A na biyu rana ta take, bututu ya yi zafi, sai na fara jin ƙamshi. Wani likita da ke damana ya ɗaga hanci yana waige-waige, ya tambaya da Faransanci wa ke suya a nan. Ni na san ƙamshin. Ƙamshin tsakar gidanmu ne ranar da Inna ke suyar ƙuli. Na ji daɗi ma, wawa, na ce albarkarta ce ta iso. Na fasa ashirin da biyu. Aka rubuta a allo, ina na uku, likitan nan yana bayana da faifai ɗaya.

Zagaye na ƙarshe, faifai na huɗu, na kuskure harbin farko. Na bi shi na ja kunama. Shiru. Kwanso na ciki bai fita ba. Alƙali ya duba, ya ce laifin bindiga ne, a sake. Faifai na shida ta kuma yi. Alƙali ya ɗaga yatsu biyu, ya ce a sake na shidan, amma daga yanzu duk wanda ta ƙi, asarata ce. Ya ba ni minti uku.

Na hango Inna tana tsame anza daga ruwa. Na hango jakar Malam Sani a buɗe.

Sarzan ya fito daga rami yana jan ƙafa, jikinsa duk garin laka. Ya fizge bindigar ya cire katakon gaba. Fiston ɗin ya yi baƙi ƙirin, mai da toka sun haɗu sun daskare kamar tunkuza. Ya kai hanci ya shinshina.

"Me ka saka mata?"

"Man gyaɗa, Baba."

"Man gyaɗa! Nan wurin a bushe yake aiki, ɗan ƙauye! Wuta ce ke bi ta nan! Ƙosai ka zo soyawa?"

"A wanke ta."

"A minti biyu? Sai ta kwana a kananzir." Ya ja hannun ɗakin harsashi da ƙarfi, kwanson ya faɗo. Ya sake ja, ya saki, ya ji tana rufewa. Ya dube ni. "Ubanka harbi nawa yake yi?"

"Ɗaya."

"Kuna kwana da yunwa?"

"A'a."

"To kartush ɗaya za ka riƙa sakawa. Ka harba, ka ja da hannu. Ka manta duk abin da na koya maka."

Ya koma ramin. Saura faifai ashirin, kowa da harbi biyu, ni da ɗaya. Na daina jin mutane. Na bar faifan ya ɗan yi nisa yadda ubana ke barin dinya ta miƙe wuya, ban taɓa kunama sai na tabbata. Hannun ɗakin ya yi zafi, ya yanke mini yatsa, jini na bin wayar ƙota. Na kuskure na goma sha ɗaya. Na kuskure na sha bakwai, ina kallonsa yana sauka lafiya cikin ciyawa, ba abin da zan bi shi da shi. Likitan ma ya zubar da biyu. Da muka zo na ƙarshe ya riga ni, ya fasa nasa da harbi na biyu. In na fasa nawa, ni ne na uku.

Na yi kira. Faifan ya fita hagu, ƙasa-ƙasa, irin wanda na fi tsana. Na bi shi, na wuce shi kaɗan, na ja. Ya zama ƙura.

Ban ji tafin ba. Zama na yi a ƙasa a wurin, da bindigar a cinya.

Cikin makon wani ɗan kulob ya saye ta fiye da yadda na saya, don ya ce ta yi na uku da harbi ɗaya. Na haɗa da kyautar na kai wa Malam Sani. Wannan karon ya yi mini murmushi. Buhu takwas ya saya a Zinder, ya kai har ƙofar gidanmu.

Amsar Yaya Mamman ta zo da tafiya ta gaba. A bakin ramin na karanta ta. Ya ce hatsi ya iso, Allah ya yi mini albarka, har maƙwabta sun samu. Ya ce Nana ta tashi, tana gudu. Ya ce in yi haƙuri, Inna ta rasu kwana goma sha ɗaya kafin kamiyo ya zo. Ashe rabonta take ba Nana, in an tambaye ta ta ce ta ci. Ya ce wancan zuwan na Malam Sani ita da kanta ta taka har bakin hanya ta tarye shi. Da ya ce ba saƙo, sai ta tambaye shi ko ya lura da ƙafata, fason ya warke?

Sarzan ya karɓi takardar daga hannuna ya ninke, ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, Ilu." Na ce na sani. Na kuma san buhu biyu da sun isa Gidimuni kwana arba'in kafin takwas ɗin.

Na dawo gida bayan shekara biyu, tafki ya cika, tsuntsu ya dawo. Har yau in ana zancen shekarun nan a Gidimuni sai a ce Ilu ne ya riƙe gidansu da buhu takwas daga Abijan. Ina jinsu, ba na gyara musu. Nana ta girma, ta yi 'ya'ya, ita ce ma ta gaji hannun Inna wajen matsar mai. Ranar da take suyar ƙuli a gidana, nakan ɗauki hulata in tafi bakin tafki sai an gama.